Kafin Jiniya Ta Iso: 'Yan Garuwan Sabo a Ibadan

Wanda ya taɓa kwana a Sabo ya san ba ladan ne ke fara tashin unguwar ba. Tun kafin kiran assalatu za ka ji wata ƙara na biyo lungu, kwaram-kwaram, jarkoki ne babu komai a cikinsu suke gwaruwa da juna a kan kura. Ɗan garuwa ne ya yi sammako zai kama layi a bakin burtsatse. In ya juyo ba za ka ƙara jin wannan ƙarar ba, sai nishinsa da kukan taya, domin jarka in ta cika ba ta surutu. Kafin hantsi ya zuba wa mai shayi, ya cika duron masallaci, ya kai wa mai ƙosai, ya yi sallama a zaure huɗu ko biyar, yaro ya shige gaba yana cewa, "Wai a gyara, za a shigo da ruwa."

Sunan sana'ar daga shelarta ya fito: "Ga ruwa!" Yarabawa sun ari ɗaya sunan, mai ruwa, sun mayar da shi nasu, ko'ina a Ibadan da Legas za ka ji mace ta leƙo daga bene tana kiran "meruwa". Dattawa suna tuna zamanin da ba kura ba jarka, sai garwar kananzir guda biyu a rataye a bakin sanda, sandar a kafaɗa, mutum na tafiya da wani irin rangaji don kada ruwan ya zube. Kafaɗar tsohon ɗan garuwa ba ta ɓuya, kanta ce a kanta kamar gwiwar raƙumi. Yau garwa ta ba jarka wuri, sanda ta ba kura wuri, wahalar ce kawai ta sauka daga kafaɗa ta koma ƙugu.

Sabo sabuwa ce a suna kaɗai. A 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan fili a gindin tudun Mokola, bayan sun daɗe suna zaune a tsakiyar gari tare da Yarabawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano bayan shekara goma, shanu suka riƙa gangarowa Kurmi, goro na haurawa Arewa, Sabo ta zama masaukin fatake. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a unguwar daga 1962 zuwa 1963, littafinsa a kanta ya fito a 1969. A lokacin mutanen Sabo dubu huɗu ne da 'yan kai, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne masu gida da dillalan shanu da fataken goro da ɗariƙar Tijjaniyya. Daga wancan lokaci zuwa yau mutane sun yi ta ƙaruwa, filin kuwa yana nan yadda yake, garin ya kewaye shi ta kowace fuska. Aka tsaga tsakar gida aka yi ɗaki, aka fasa bango aka yi shago, aka kafa kes a gaban shagon, mai tsire ya dasa tukubarsa a gaban kes ɗin. Abin da ya rage shi ne lungu. Faɗinsa ya ishi kura ta wuce, babur ya raɓa ta. Mota mai jiniya kuwa sai dai ta tsaya a bakin titi.

A takarda, Ibadan tana shan ruwa daga madatsu biyu: Eleyele, wadda aka gina a kan kogin Ona a 1942, da Asejire, a kan kogin Osun, wadda aka kammala a 1972. Garin ya tsere wa bututunsa tun tuni. Mutanen Badun, wato Ibadan, sun haura miliyan 3, famfunan unguwanni da yawa sun zama wurin ɗaure akuya. Mai hali ya haƙa burtsatse, ya ɗora baƙin tanki a kan hasumiyar ƙarfe. Marar hali yana da rijiyar da ke ja da baya in rani ya yi nisa. Ɗan garuwa a tsakanin waɗannan biyun yake cin abincinsa: ya saya a gidan mai tanki, ya sayar a gidan mai randa.

Kayan aikin ba su da yawa. Kura ce da mai walda ya haɗa da ƙarfen kwana, taya biyu, maruƙi biyu. Jarkokin yawanci masu ruwan ɗorawa ne, waɗanda suka fara rayuwa da man girki, kowace tana cin lita 25. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kura mai jarka 12 tana ɗauke da kilo 300, nauyin buhun siminti shida, ban da ƙarfen kurar. Mutumin da ya yi sawu goma a yini ya tura tan uku da ƙirjinsa. Sai mazurari ko guntun tiyo, da 'yar leda da ake naɗa wa bakin jarkar da murfinta ya ɓata. Shi ke nan.

Amma Ibadan ba Kano ba ce. A Fagge ko Kurna ƙasa shimfiɗe take, in ka ture kura ta soma tafiya sai ka bi ta kawai. Badun kuwa gari ne na tudu da gangare, kuma gwanintar sana'ar a nan take. Sabon shiga yana tsoron hawa, tsohon hannu gangare yake tsoro. Kura ba ta da birki sai dugadugan mai ita. In za a gangara sai ya kwantar da jikinsa baya, ya danne maruƙan, ya riƙa jan ƙafa, yana ihun a ba shi hanya da Hausa da Yarabanci gaba ɗaya. In za a hau ba a miƙe hanya, ana yankan tudun ne a karkace, dama da hagu, a tokare taya da dutse a huta. Jera jarkokin ma ilimi ne: in nauyi ya yi gaba kura ta kifa, in ya yi baya ta karya maka hannu, don haka in an sauke guda biyu a wani gida dole a sake zaman sauran kafin a ci gaba. Ba wanda ke koyar da wannan da baki. Kwana uku kana bin wani ɗan garinku, rana ta huɗu a ba ka kura, ka zubar da ruwa sau ɗaya a tsakiyar titi yara su yi maka dariya, ka ƙware.

Mafi yawansu kurar ba tasu ba ce. Haya suke ɗauka, da yamma a kai wa mai ita balas, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A cire kuɗin ruwan da aka saya, a cire na mai faci, a cire tikitin da ake yanka musu, abin da ya saura a ci kaɗan a ɗaure saura don gida. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai burtsatsen da ke tayar da janareto ya ƙara kuɗin cika jarka, mai saye kuma ba ya ganin janareton, ɗan garuwa yake gani, shi ake yi wa ƙorafi. Da yawansu 'yan cirani ne, daga ƙasar Sakkwato da Zamfara da Katsina, wasu daga Nijar. Suna zuwa bayan an kai amfanin gona gida, su koma in ruwan shuka ya kusa. Da damina dama sana'ar kwanciya take yi, don kowa ya tara duro a bakin indararo.

Ba zan yi musu kwalliyar da ba su da ita ba. Akwai wanda ba ya wanke jarka sai gansakuka ta yi kore a ciki, akwai mai ɗebo ruwan rijiyar da ke kusa da kwata ya ce na burtsatse ne. Matan Sabo sun san na kirki, sun san na banza, shi ya sa kowane gida yake da nasa, ba a canza shi sai da dalili.

To, watannin da 'yan garuwa suka fi yawa a Sabo, daga Disamba zuwa Maris, su ne kuma watannin gobara. Iskar hunturu ta busar da silin da katako da tsummokaran da ke rataye a bayan ƙofa. Ana kunna gawayi don jin ɗumi, ana tsoma hita a bokiti a mance da ita, a ɗauke wuta a dawo da ita da tsakar dare da ƙarfin da tsohuwar waya ba za ta ɗauka ba. Ga risho, ga tukunyar gas, ga maganin sauro a gefen katifa, ga galan ɗin fetur na janareto a ƙarƙashin gado. Malamai sukan tuna wa mutane cewa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani gida ya ƙone da dare a Madina, ya yi umarni a riƙa kashe wuta in za a kwanta. Wutar wancan zamani fitila ce da murhu. Ta yanzu a cikin bango take, ba a ganinta.

Ibadan ta san gobara. Cocoa House, benen nan mai hawa 26 da aka gina da kuɗin koko a Dugbe aka gama a 1965, ya kama wuta a watan Janairun 1985, ba a sake buɗe shi ba sai 1992. Kasuwar Aleshinloye ta ƙone ba sau ɗaya ba, ta Dugbe ma haka a 2020. Ta kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021 daban take, hannu ne ya cinna ta a cikin rikici, irin wannan kuwa ruwan jarka ba ya kashe ta. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Wadda ta fi yawa a unguwa irin Sabo ita ce wadda ba ta kai jarida ba: labule ya kama, katifa ta soma hayaƙi, waya ta yi tartsatsi a shagon tela.

In aka kwarma ihu, "Gobara! Jama'a a kawo ɗauki!", kowa yana fitowa da bokiti, amma bokiti babu ruwa ado ne. Randar gida ba ta wuce guga uku. Mutumin da ke da lita 300 a kan taya, a shirye, cikin abin da za a iya ɗauka a guje, shi ne ɗan garuwa. Ba ya jiran a kira shi. Yana jin ihun yake juya kura, na bayansa ma haka, kafin wani lokaci ka ga kura biyar ko shida a bakin lungu, an yi layi, ana miƙa jarka hannu da hannu, samari sun hau katanga suna sheƙawa. Waɗanda suka sauke nasu sun ruga burtsatse, mai burtsatsen ya buɗe tanki bai tambayi kuɗi ba.

A auna abin da sikeli. Motar kwana-kwana tana ɗaukar lita dubu uku, dubu huɗu, wata ta fi haka, bututunta kuma yana fesa ɗaruruwan lita a minti guda. Duk ruwan kura ɗaya bai kai aikin minti ɗaya na wannan bututu ba. In wuta ta riga ta ci rufi, 'yan garuwan Sabo gaba ɗaya ba za su iya da ita ba, sai dai su jiƙa gidajen maƙwabta kada ta tsallaka. Sai dai wuta ba ta fara da rufi. Tana farawa da abin da jarka biyu za su kashe, ta ninka kanta cikin mintoci kaɗan. Waɗannan mintocin motar tana can tana fama da cunkoson Mokola, in ma an tuna an buga waya. Gadar saman da aka buɗe a 2013 ta rage cunkoson, ba ta faɗaɗa lungu ba. Wannan lissafin kuma shi ke wanke 'yan kwana-kwana daga zargin da aka fi yi musu, wai sun zo babu ruwa. Sau da yawa da ruwansu suka zo, cikin minti goma ya ƙare, babu famfon gobara a bakin titi da za su jona, sai sun koma ɗebowa. A lokacin ma za ka ga idon kowa ya koma kan masu kura.

Abin da ke damuna shi ne, mutumin da ya fi kowa saurin isa wurin wuta ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa wace wuta ce ke son ruwa ba. Kaskon mai ƙosai in ya kama, aka watsa masa ruwa, ruwan yana nutsewa ƙarƙashin man ne, ya tafasa nan take, ya zama tururi mai ninkin girmansa kusan sau 1,700, ya yi tsalle da man da ke ci ya watsa a fuskar mai taimako. Maganin wannan murfi ne, ko faifan ƙarfe, ko jiƙaƙƙen buhu da aka matse, a rufe a kashe murhu. Fetur da kananzir suna tasowa saman ruwa, ka zuba musu sai ka ba su abin hawa, wutar ta bi kwata ta shiga gidan gaba; yashi suke so. Wutar lantarki kuwa, in ba a kashe ta daga mita ba, ruwan da ke tsakanin jarka da waya hanya ce zuwa jikin mai riƙe da jarkar. Tukunyar gas da wuta ta kewaye, a sanyaya ta daga nesa, a kori 'yan kallo. Akwai kuma wani haɗarin da ya shafi sana'ar kai tsaye: jarkar ruwa da jarkar mai bumburutu launinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Cikin duhu da ruɗu, hannu na iya ɗaukar wadda ba ita ba. Shi ya sa gogaggen ɗan garuwa yake yi wa jarkokinsa alama da fenti, ba ya kuma ba da aron su don sayo mai ko da an roƙe shi da girman Allah.

Wuri ɗaya da ruwansa ya fi kowane magani shi ne jikin wanda ya ƙone. Likitoci sun ce a yi ta kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20, sannan a lulluɓe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti, ga asibitin koyarwa na UCH nan ba nisa. Mu kuwa sai a rugo da manja, da ɗanyen ƙwai, da man goge baki, a damalmale ciwon, likita ya sha wahalar wankewa. Jarka ɗaya da mazurari sun fi waɗannan duka.

Akwai abin da ɗan garuwa ya mallaka wanda ya fi ruwan daraja, ba a kuma taɓa tambayarsa ba. Yana shiga gidajen da ko mai unguwa ba ya shiga. Ya san gidan da ake tara fetur, ya san ɗakin da tsoho marar ƙafa yake kwance, ya san tagogin da aka walde da ƙarfe ba mafita, ya san rijiyar da ba ta ƙafewa a watan Maris, ya san lungun da ya ɓulle da wanda ya toshe. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma wanda ya san inda mutum yake kwance shi ke fito da shi da rai. Fashewar da ta girgiza unguwar Bodija ran 16 ga Janairun 2024, daga nakiyar haƙar ma'adinai da aka ajiye a gidan zama, ta nuna wa Ibadan abin da ajiyar maƙwabci ke iya jawowa.

Sabo tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa, mai hedikwata a Agodi, ɗaya daga cikin 11 da suka raba garin da kewayensa. Kashe gobara aikin hukumar jiha ne, akwai kuma ta tarayya, ga lambar gaggawa ta ƙasa 112, ga ta Jihar Oyo 615. Amma a duba Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi. Kasuwanni nasu ne, da magudanan ruwa, da kwashe shara, da tsara shaguna da kes-kes, da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Duk waɗannan maganar gobara ce, ko da ba a ambaci sunanta ba. Sharar da ta taru abincin wuta ce. Kes ɗin da ya toshe bakin lungu shi ke tsayar da mota. Gidan da ba shi da lamba kuwa, sai ka ji mai buga waya yana kwatance da "bayan masallaci, kusa da mai tsire", a unguwar da masallaci da mai tsire ba su ƙirguwa. A cikin wannan jerin dai aka ba ƙaramar hukuma ikon yanka lasisin keke da baro da kura. Wato hukumar ta san ɗan garuwa, ta san shi sarai, ta hanyar tikiti.

Tunda hannun da ke karɓa ya san inda suke tsayawa, bai kamata hannun da ke bayarwa ya ɓata hanya ba. Abin da nake gani ba ya buƙatar kwangila. Safiya ɗaya a farkon hunturu, a tara su a ƙofar Sarkin Hausawa, jami'in kwana-kwana ya kunna mai a kasko ya nuna musu da idonsu abin da ruwa ke yi masa, tafinta na fassarawa. A maimaita kowace shekara, don 'yan cirani na bana ba su ne na bara ba. A ajiye duron yashi a bakin manyan lunguna, a kafa tanki a jikin masallatai wanda ba a taɓa shi sai don wuta. A sa lambobin nan biyu a jikin kowace kura da fenti, tunda babu allon talla da ke yawo a Sabo kamar ta. 'Yan canji da dillalan unguwar, waɗanda dukiyarsu ta fi ta kowa tsoron wuta, kuɗin tanki ba zai gagare su ba.

Sannan a biya su. Ruwan da aka sheƙa wa wuta saye ɗan garuwa ya yi, da kuɗin da zai juya gobe. Ba wanda ke tuna wannan, shi ma ba ya faɗa, don kunya da neman lada. In ka tambaye shi sai ya ce ai shayar da ruwa sadaka ce, balle a ceci rai. Ana yi wa mai gida jaje, "Allah Ya mayar da alheri, Alhaji, Allah Ya tsare gaba," a yi wa 'yan kwana-kwana godiya ko tsaki, kowa ya watse. Gari na wayewa za ka gan shi a cikin toka da caɓi, yana ɗaga kwanon rufin da ya lanƙwashe yana neman jarkokinsa. Biyu sun narke, ɗaya wani ya wuce da ita gida, murafe kam ba a maganarsu. Ya jera tara a gurbin goma sha biyu, ya ɗaure su da igiya kada su yi rawa, ya nufi burtsatse, inda layi ya riga ya yi nisa. Da yamma mai kura na jiran balas ɗinsa cif.